Leƙa cikin samfuri kafin a sa masa wuƙa

Akwai wata dabara ta ɗakin bincike da na daɗe ina son in yi bayaninta da Hausa, domin a ganina ta shafi masu nazarin tsirrai da ƙwari da cututtuka a nan Maradi fiye da yadda mutum zai zata da farko. Dabarar ita ce a ɗauki hoton cikin samfuri da hasken eksire, da wata ƙaramar sikana da masana ke kira mikrotomogirafi, kafin a fara yanka shi domin dubawa a madubin ilektaron. Na'urorin biyu masu tsada ne ƙwarai, kuma mai karatu yana da hujja in ya tambaya me ya haɗa mu da su. Amsata ita ce, mutumin da samfurinsa ke yin doguwar tafiya kafin ya isa gaban na'ura, wanda kuma ba kasafai yake samun damar maimaita aiki ba, shi ya fi kowa buƙatar sanin abin da ke cikin samfurin tun wuƙa ba ta taɓa shi ba.

Sai an san wahalar madubin ilektaron sannan a ga amfanin dabarar. Madubin haske, irin wanda ake duba jinin mai zazzaɓin cizon sauro da shi a asibitocinmu, yana da iyakar da ba ya ƙetarewa: duk abubuwa biyu da tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kimanin nanomita 200 ba, a haɗe zai nuna su kamar abu ɗaya. Milimita ɗaya dai mikromita 1,000 ce, mikromita ɗaya kuma nanomita 1,000. Ernst Abbe ne ya fayyace dalilin wannan iyaka a Jamus a 1873, kuma dalilin yana cikin ɗabi'ar hasken kansa. A 1931 Ernst Ruska da Max Knoll suka ƙera madubin farko mai aiki da ilektaron a birnin Balin, aikin da ya kai Ruska ga kyautar Nobel a 1986. Da irin wannan madubi ana ganin siririyar fatar da ta kewaye ƙwayar halitta, wadda kaurinta bai kai nanomita 10 ba. Sai dai ganin yana da sharuɗɗa masu tsauri. Ilektaron ba ya ratsa abu mai kauri, ba ya kuma tafiya sai a cikin bututun da aka zuƙe wa iska, saboda haka dole samfuri ya rabu da ruwansa, ya yi tauri, sannan a yanka shi sala-sala, kowace sala kaurinta kamar nanomita 70. Kaurin silin gashin mutum ɗaya zai ba da irin wannan sala wajen 1,000.

Kafin ɗan guntun nama ko saiwa ya kai matsayin yankuwa haka, yana bi ta matakai da dama, kuma kowane mataki yana da tarihinsa. Da farko ana tsoma shi cikin ruwan wani sinadari mai suna gulutaraldehaid, wanda David Sabatini da abokan aikinsa suka shigo da shi wannan fage a 1963, domin ya ɗaure sinadaran jikin ƙwayoyin halitta su tsaya yadda suke a lokacin da suke raye. Daga nan sai ruwan sinadarin ƙarfen osmiyom, wanda George Palade ya daidaita yadda ake amfani da shi a 1952, wanda ke kama kitsen da ke cikin fatar ƙwayoyin halitta ya zauna a jikinta. Sau da yawa ana ƙara gishirin yuraniyom, ƙarfen nan da ake haƙowa a Arlit, da kuma na dalma. Bayan haka ana janye ruwan samfurin sannu a hankali da alkwal ko asitan, a maye gurbinsa da danƙon epoksi, a sa a murhu mai zafin digiri 60 na kwana biyu ko kusa da haka har ya daskare. Abin da ke fitowa ɗan curin roba ne mai tauri, da samfurin a binne a cikinsa.

A nan matsalar take. Osmiyom yana mayar da nama baƙi ƙirin, haske ba ya ratsa shi, kuma duk wata alama mai ƙyalli da mai bincike ya sa wa ƙwayar halittar da yake nema, yawanci ta dushe. Mutum yana riƙe da curi a hannu, ya tabbata abin da yake nema yana ciki, amma bai san a wane zurfi yake ba, bai san ta wace fuska zai shige shi ba, bai ma san ko shirin da ya kwashe mako guda yana yi ya yi kyau ba. Lissafi kaɗan zai nuna girman abin. Samfuri mai kaurin milimita ɗaya, in za a yanka shi duka a nanomita 70, zai ba da sala fiye da 14,000, kuma kowace sai an tsamo ta daga kan ruwan da ke bayan wuƙar an ɗora ta a kan ɗan faifan tagulla mai faɗin milimita 3. Wuƙar kuwa ta lu'ulu'u ce, irin wadda Humberto Fernández-Morán ɗan ƙasar Benezuwela ya ƙirƙiro a shekarun 1950, mai tsada, wadda ƙwayar yashi ɗaya a cikin samfuri ta isa ta yi wa bakinta giɓi. Abin da aka aske kuma ya tafi ke nan.

Sababbin na'urori sun ƙara wa wannan magana nauyi. A 2004 Winfried Denk da Heinz Horstmann, a cibiyar Max Planck da ke Heidelberg a Jamus, suka sa wuƙar a cikin madubin kansa: na'ura ta ɗauki hoton fuskar curin, wuƙa ta aske sala ɗaya ta yar, a sake ɗauka, haka dare da rana har a tara dubban hotuna da za a jera su fitar da siffa mai tsawo da faɗi da zurfi. Akwai kuma wata na'urar da ke kankare fuskar curin da kwararar ƙwayoyin ƙarfen galiyom, wadda ta fi ta farko kaifin gani amma filin da take iya ci bai wuce ƴan gomomin mikromita ba. A duka biyun samfurin yana ƙarewa ne yayin da ake kallonsa. In an fara daga wurin da ba shi ba, an yi asarar kwanakin na'ura, kuma mai yiwuwa an cinye abin da ake nema ba tare da an ɗauke shi ba.

Hasken eksire ya girmi madubin ilektaron, domin Wilhelm Röntgen ya gano shi tun 1895. Sikanar asibiti kuwa, wadda ke nuna jikin mutum yanki-yanki ba tare da an tsaga shi ba, Godfrey Hounsfield ne ya ƙera ta a Ingila, aka fara ɗaukar majinyaci da ita a Landan a 1971, shi da Allan Cormack suka raba kyautar Nobel a 1979. A farkon shekarun 1980 Jim Elliott, shi ma a Landan, ya ƙanƙantar da tsarin domin ƙananan abubuwa, kuma hotunan farko da aka buga a 1982 na wani ɗan ƙaramin dodon koɗi ne. A asibiti majinyaci ke kwance na'ura na kewaya shi. A ƙaramar sikana samfurin ne ke juyawa a kan wani ɗan dandamali, tsakanin mafitar hasken da allon da ke karɓarsa. A kowane ɗan juyi ana ɗaukar inuwarsa, har a tara inuwa ɗaruruwa ko dubbai daga kowace kusurwa, sannan kwamfuta ta yi lissafi ta gano yawan hasken da kowane ɗigo na cikin samfurin ya tare. Hanyar lissafin da yawancin waɗannan na'urori ke bi, Lee Feldkamp da abokan aikinsa biyu ne suka wallafa ta a 1984, suna ma'aikatan sashen bincike na kamfanin motoci na Ford. Sakamakon shi ne samfurin gaba ɗayansa a cikin kwamfuta, wanda mutum zai iya yankawa a allo ta kowace fuska, sau nawa yake so, curin na ainihi kuwa yana nan ba abin da ya same shi.

Abin da ya fi burge ni a dukan al'amarin shi ne yadda buƙatun na'urorin biyu suka dace. Nama ko saiwa, in ba a yi musu komai ba, kusan ba sa fitowa a hoton eksire, domin an gina su ne da sinadarai marasa nauyi da hasken ke wucewa ta cikinsu kamar babu su. Wannan ne dalilin da ya sa ƙashi ke fitowa fari a hoton asibiti, tsoka kuwa ta zama inuwa kawai. To amma ƙarafan da ake ɗura wa samfuri domin ilektaron, su ne ainihin masu tare eksire: osmiyom yana lamba 76 a jadawalin sinadarai, dalma 82, yuraniyom 92. Ke nan curin da aka shirya wa madubin ilektaron a shirye yake wa ƙaramar sikana ba tare da an ƙara masa komai ba. Baƙin da ya hana ido ganin ciki, shi ne ke bayyana cikin ga eksire.

Amfani na farko, wanda ni na fi ba shi muhimmanci ko da yake ba shi aka fi yayatawa ba, shi ne tabbatar da cewa shirin ya yi. Osmiyom yana shiga nama a hankali, daga waje zuwa ciki, kuma yayin da yake shiga yana ƙarewa a hanya domin sassan waje suna kama shi. Masu jeme fatar jar akuyar Maradi da bagaruwa sun san irin wannan matsala: fata na iya yin kyau a ido alhali jimar ba ta kai tsakiyarta ba, kuma hanyar ganewa ita ce a ɗan yanki gefe a duba launin ciki. Kamancin ya wuce na baki, domin gulutaraldehaid ɗin da muke ɗaure nama da shi ana jima da shi a masana'antun fata na zamani. Bambancin shi ne mai jima yana da gefen da zai yanka ya yar, mu kuwa samfurinmu duka-duka bai wuce milimita ɗaya ko biyu ba, babu abin yarwa a jikinsa. A hoton ƙaramar sikana, samfurin da ƙarfe bai ratsa ba yana fitowa da zobe mai haske a kewaye da tsakiya mai duhu, ba ya ɓoyuwa. Haka ma tsagewar da ta faru lokacin janye ruwa, da kumfar iska da ta maƙale, da gurbin da danƙo bai cika ba, da ƙwayar yashin da za ta ɓata wuƙa.

Wannan dubawa ta ma koyar da masana abin da suka daɗe suna yi da kintace. A 2015 Shawn Mikula da Denk sun yi amfani da ita wajen gwada hanyarsu ta shirya ƙwaƙwalwar ɓera gaba ɗayanta. A 2022 Sebastian Ströh da abokan aikinsa a Jami'ar Princeton ta Amurka suka bar guntun ƙwaƙwalwa a cikin ruwan osmiyom a gaban hasken eksire, suka riƙa ɗaukar hoto yayin da ƙarfen ke kutsawa, suka nuna cewa lokacin da ake buƙata ba ya tafiya daidai wa daida da zurfi. In zurfin ya ninka sau biyu, lokacin ya ninka sau huɗu, in ya ninka sau uku, lokacin sau tara. Ina son ɗalibai su riƙe wannan ƙa'ida, domin tana bayyana abin da ya sa malamai ke nacewa a yanka samfuri ƙanana. Ɗalibin da ya ga guntun milimita ɗaya ya yi masa ƙanƙanta ya yanko na milimita uku, ya kuma bar shi a ruwan tsawon lokacin da aka rubuta wa ƙaramin, bai yi kusa da ratsa tsakiyarsa ba.

Amfani na biyu shi ne nemo abin da ake nema. Eric Bushong da abokan aikinsa a San Diyego ta Amurka sun nuna a 2015 cewa hoton eksire na curi yana sa a san daidai inda za a fara askewa. Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne aikin da Matthia Karreman da Yannick Schwab da abokan aikinsu suka wallafa a 2016 daga cibiyar nazarin halittu ta Turai da ke Heidelberg. Suna son su ga ƙwayar halitta ta cutar daji guda ɗaya tak a daidai lokacin da ta maƙale a cikin wata siririyar jijiyar jini a ƙwaƙwalwar ɓera. Sun fara ganinta da madubin haske tun ɓeran yana raye, tana ƙyalli saboda alamar da aka sa mata, suka kuma zana taswirar jijiyoyin jinin da ke kewaye da ita. Bayan an shirya samfurin ƙyallin ya ɓace, amma jijiyoyin suna nan, kuma suna fitowa sarai a hoton eksire. Sai suka ɗora taswirar farko a kan ta biyu a kwamfuta, suka daidaita rassan jijiyoyin ɗaya bayan ɗaya, wurin ƙwayar ya fito a cikin baƙin curin da kuskuren da bai kai mikromita 5 ba, wato ƙasa da faɗin jar ƙwayar jinin mutum guda. Aikin gaba ɗaya ya ɗauki kimanin mako biyu. A 2022 Kimberly Meechan, a wannan cibiya dai, ta fitar da wata manhaja mai suna Crosshair da ke lissafa kusurwar da za a karkata wuƙa da curi domin a faɗa kan shimfiɗar da aka zaɓa a hoton eksire.

Maganar kusurwa ita ce za ta dawo da mu gonakinmu. Babu manomin hatsi ko dawa a wannan jiha da bai san ƙuduji ba, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, kimanin milimita 0.3, yana iya kwana a ƙasa fiye da shekara goma, kuma ba ya tsira sai ya ji sinadarin da saiwar shuka irin su hatsi ko dawa ke fitarwa. Da ya tsira sai ya kama saiwar, ya fitar da wani ɗan kumburi mai huda ta, ya kutsa har ya haɗa jijiyoyinsa na ruwa da nata, ya riƙa zuƙar ruwa da abinci. Mafi yawan ɓarnar tana faruwa a ƙarƙashin ƙasa tun furen nan nasa mai ruwan hoda bai bayyana ba. Inge Dörr, a Jamus, ta nuna da madubin ilektaron a 1997 cewa ƙwayoyin halittar ƙuduji suna zura wasu ƴan bututu masu buɗaɗɗen baki kai tsaye cikin jijiyar ruwa ta shukar da suka kama. An kuma san cewa a wasu irin shuka masu juriya, ƙuduji yana kama saiwa amma ya kasa kaiwa ciki, a tare shi a ɓawon saiwar ko a katangar da ta kewaye jijiyoyin.

Yanzu a ce wani ɗalibi a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, ko wani mai bincike a cibiyar binciken noma ta INRAN da ke Tarna, ya lura cewa wani irin hatsi na gida da manoma suka daɗe suna riƙe da shi ba ya jin ƙuduji kamar sauran, yana kuma son ya ga me ke faruwa a wurin haɗuwar. Wurin da yake nema bai wuce faɗin ƴan ƙwayoyin halitta ba, yana binne a cikin kumburin, kumburin kuma yana iya kama saiwar a karkace. Hoton da zai ba da amsa shi ne wanda ya bi tsawon gadar da ta haɗa jijiyoyin biyu. In wuƙa ta shiga a gicciye, abin da za a gani ƴan da'irori ne da ba su faɗin komai game da inda aka tare mai kutsen, in kuwa ta kauce gefe kaɗan, ba za a ga gadar ba sam, kuma mai bincike na iya yanke hukuncin cewa babu ita alhali wuce ta aka yi. Wannan kuskure na biyu ya fi ba ni tsoro, domin yana kama da sakamako mai kyau. Da hoton eksire a gaba, ana iya bin jijiyoyin ruwa na saiwar, waɗanda ke da faɗin baki da bango mai kauri, a ga inda kumburin ya nufa, a zaɓi shimfiɗar da ta ratsa su biyun. Ana kuma iya duba curi goma ko ashirin a zaɓi waɗanda kutsen ya kai matakin da ake so. Ga tsirrai akwai ƙarin dalili, domin bangon ƙwayoyinsu da iskar da ke tsakaninsu suna hana danƙo shiga, abin da ya sa Arthur Spurr ya haɗa wani danƙo mai tsinkakken ruwa a 1969, kuma ko da shi ana samun gurabe.

Dabarar tana da iyakarta, kuma bai kamata a ɓoye ba. Na'urorin ɗakin bincike suna rarrabe abu zuwa kimanin mikromita ɗaya, wasu ƙasa da haka kaɗan, wanda ya yi nesa ƙwarai da ganin madubin ilektaron. Girman samfuri da kaifin gani kuma suna jan juna: allo mai ɗigo 2,000 a faɗinsa, in zai ɗauki samfurin milimita 2 gaba ɗaya, kowane ɗigo mikromita ɗaya ne. Ɗauka mai kyau tana cin sa'o'i. In ƙarfe ya yi yawa a babban samfuri, hasken ba ya fita ta ɗaya gefen yadda ya kamata, hoton ya yi zane-zanen ƙarya. Nama kuma yana ɗan motsewa lokacin janye ruwa, saboda haka taswirar da aka zana yana raye ba ta hawa ta curin daidai sai an gyara. Mafi muhimmanci, eksire yana nuna cewa ƙarfe ya shiga, amma ba ya nuna ko fatar ƙwayoyin halitta ta lalace tun kafin a ɗaure ta. Curi na iya fitowa lafiya lau a sikana, a kai shi madubin ilektaron a tarar cikin ƙwayoyin ya dagule.

Akwai manyan injinan hasken eksire da ake kira sinkirotoron, masu ƙarfin da ke gama ɗauka a ƴan mintuna da kaifin da ya fi na ɗakin bincike, kamar na Turai da ke Grenoble a Faransa, da na SESAME da aka buɗe a Jodan a 2017. Afirka ce kaɗai nahiyar da mutane ke zaune da ba ta da ko ɗaya, kuma taron farko na masu fafutukar a gina mata nata a Grenoble aka yi shi a 2015. Ƙananan na'urorin kuwa akwai su a nahiyar, misali a Jami'ar Stellenbosch ta Afirka ta Kudu.

To, tunda samfuranmu masu buƙatar irin wannan dubawa tafiya suke yi, me ƙaramar sikana ta canza mana? A tsohon tsari, mai bincike yana aika curi zuwa ɗakin binciken abokan hulɗa, ya rubuta bayanin abin da yake so, wani ƙwararren ma'aikaci a can ya yanka gwargwadon fahimtarsa, bayan watanni a turo hotuna. Ma'aikacin ya san wuƙarsa, amma mai yiwuwa bai taɓa ganin ƙuduji a gona ba, kuma hukunci mafi girma a dukan binciken, wato inda za a yanka, shi ya yanke shi. Hoton eksire kuwa fayil ne, kuma fayil yana iya dawowa Maradi ta intanet. Cikakkensa, mai ɗigo 2,000 ta kowace fuska, yana kai gigabait 16, amma in an rage shi da rabi ta kowace fuska ya koma gigabait 2, wanda kwamfutar hannu mai ɗan ƙarfi za ta buɗe. Manhajojin dubawa irin su Fiji da 3D Slicer kyauta ne. Mutumin da ya tono saiwar da hannunsa, wanda ya san gonar da irin da ranar shuka, zai iya zama a ofishinsa ya juya ta a allo, ya sa alama a wurin da yake so da kusurwar da yake so, ya mayar da alamar. Wannan a wurina ba ƙaramin abu ba ne, domin shi ke bambanta mai aika kaya da mai gudanar da bincike, kuma ɗalibin da ya koyi karanta irin waɗannan hotuna ya samu ƙwarewar da ba ta buƙatar ya mallaki na'urar.

Sai dai rabon aikin da ke kanmu tun farko babu na'urar da za ta ɗauke mana shi. Ƙwayar halitta tana fara lalacewa cikin mintuna bayan an raba ta da jikinta, kuma a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Maradi ke haura digiri 40, lalacewar ta fi sauri. Ruwan ɗaurewa ya kamata ya je gona tare da mai bincike a cikin akwatin sanyi, a yanka saiwar tana nutse a cikinsa da sabuwar reza, guntu bai wuce milimita ɗaya ba a ɗaya daga fuskokinsa. A wanke yashi a hankali kafin nan, kuma ƙasarmu ta jigawa tana da shi da yawa. Gulutaraldehaid yana son firji, kuma wanda ya sha zafi ya sha sanyi saboda ɗaukewar wuta ba abin dogaro ba ne. Osmiyom kuwa ba abin wasa ba ne ko kaɗan: tururinsa yana ɗaure fatar ido da huhu kamar yadda yake ɗaure samfuri, saboda haka ba a buɗe shi sai a cikin akwatin da ke zuƙe tururi, inda babu irin wannan akwati kuma gara a bar wannan mataki ga ɗakin binciken da ke da shi.

Abin da nake ba duk wanda zai ƙulla irin wannan hulɗa shawara a kai shi ne ya sa sharuɗɗa uku a rubuce tun kafin samfuri ya bar hannunsa: a ɗauki kowane curi da ƙaramar sikana kafin a aske shi, a turo masa fayilolin, kuma kada a fara yanka sai ya sa alamarsa. Ya nemi a sa kuɗin sa'o'in sikana a cikin kasafin aikin, domin in ba a rubuta su ba, su ne farkon abin da ake tsallakewa idan lokaci ya ƙure. Ya kuma yanke ɗaya kusurwar curin ko ya yi mata wata shaida da za ta fito a hoton, yadda shi da ma'aikacin da ke can za su san ina ne sama ina ne ƙasa idan suna magana. Fayilolin kuwa ya ajiye su a wuri biyu, kowanne da lambar curinsa da sunan gonar da ranar da aka tono saiwar, domin bayan an gama yanka su kaɗai ne za su nuna daga wane ɓangare na saiwar kowane hoton ilektaron ya fito.